Huji a Jirgin Roba

Jirgin ya iso gidanmu ne a kan rufin motata, a lokacin nan na shekara da rana ke fara fitowa a London amma ruwa bai daina sanyin hunturu ba. Na roba ne, ruwan ɗorawa, mutum ɗaya yake ɗauka. Kayak suke ce masa. Ɗana ne ya gan shi a intanet, wani dattijon Bature a Erith yana sayarwa saboda kafaɗarsa ta daina yarda da tuƙi. Ni na ja motar, shi yana zaune a baya, domin a lokacin ya daina zama a kujerar gaba.

A da ɗan nawa direban bas ne. Wata safiya wata mata ta sauko titi tana kallon wani wajen, shi kuma ya taka birki amma bas ba ta tsayawa nan take. Matar ba ta tashi ba. An yi bincike, an duba kyamarori, aka ce ba shi da laifi ko kaɗan. Ya koma aiki, ya zauna bayan sitiyari, ya kasa tayar da mota. Daga nan ya saki flat ɗinsa na Tottenham ya dawo wurinmu a Thamesmead, ya shiga ɗakin da ya girma a ciki, ya ja labule. Mutum mai furfura a gemu, amma sai uwarsa ta ajiye masa tiren abinci a bakin ƙofa, ta dawo ta ɗauke shi kusan yadda ta ajiye. Likita ya ba shi magani. Ni kuwa faɗa na ba shi. Nakan tsaya a ƙofar in ce ya tashi, namiji ne shi, ƙaddara ce ba shi ya kashe ta ba. Na yi ta yi har na gaji na bari. Haka muka zauna fiye da shekara, mu uku a flat, ba ka jin komai sai talabijin.

Wata rana bayan la'asar sai ga shi a falo da waya a hannu. Ashe duk zaman nan bidiyon masu kamun kifi yake kallo. Ya tsaya a kaina ya ce, "Dad, wai da gaske kai masunci ne a da?"

Da Turanci ya yi tambayar, kamar yadda ya saba. Hausa yana jin ta sarai, bakinsa ne ba ya mayarwa da ita. Ni nake masa Hausa, shi ya yi mini Turanci, haka muke tun yana yaro.

Na ce da gaske ne. A Yawuri aka haife ni, gidan masunta, a kan Kwara. Kafin in iya karanta alif na iya riƙe filafili. Ban taɓa zaunar da yarana na ba su wannan labarin ba. Da na zo ƙasar nan na tarar Hausawan da muke haɗuwa a masallaci likitoci ne da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati, ni kuwa firamare kawai na gama. In an tambaye ni nakan ce direban minicab ne, wato tasi, in tsaya nan. Ko iyo ban koya wa yaron ba, makaranta ce ta koya masa a tafkin wanka mai ɗumi.

Bayan mun sayo jirgin sai na zama direbansa. Duk ranar da iska ta kwanta, mu ɗaure jirgi a kan mota mu gangara Kent, inda kogin da ya ratsa London ke buɗewa ya nufi teku. Akwai wata gangara ta siminti da ake tura jirage, da katanga da mutum zai zauna. Shi ya shiga ruwa da sandar fatsa, ni in zauna da filas ɗin shayi. Bai taɓa kama komai ba a fitowar farko-farkon nan. Amma yakan dawo da yunwa. Ranar da ya cinye tuwo ya ce a ƙara masa, uwarsa ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba. Da muka keɓe ta ce mini, "Malam, jirgin nan shi ke riƙe da yaron nan. In ya sake shi, ɗakin nan zai koma, kuma ban san ko zai ƙara fitowa ba. Kada ka kuskura ka yi masa faɗa a kansa."

Na ce, "Ni da nake ɗaukar jirgin a kafaɗa?"

Ta ce, "Kafaɗarka ba ta da laifi. Bakinka nake tsoro."

Ba a jima ba ya ce zai sayi na'urar gano kifi. Fish finder, in ji shi. Wai tana aika sauti ƙarƙashin ruwa, ya dawo, ta zana maka zurfi da ƙasa da kifin da ke tsakani. Muna tsaye a bakin ruwa ya faɗa mini, ni kuma bakin nan nawa ya motsa. Na ce a gida ba ma bukatar talabijin kafin mu san inda kifi yake. Launin ruwa ake dubawa, da yadda yake juyawa a bayan dutse, da inda tsuntsaye ke sauka.

Ya nuna mini ruwan da hannu ya ce, "To bismilla, Dad. Karanta mini wannan."

Na duba. Ruwa ne ruwan ƙasa, mai faɗi kamar ba shi da ɗaya gaɓar, da safe ya yi gabas, da yamma ya juyo. Ban ga komai a cikinsa ba. Na ce masa wannan ruwan da Turanci aka rubuta shi. Ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba, har na manta irin ta uwarsa ce.

Na'urar ta zo a kwali. Muka kai ta garejin da nake haya a wurin council, wato ƙaramar hukuma, inda muke ajiye jirgin, muka baje kayan a kan tsohon bargo. Abubuwa uku ne. Akwai allo ɗan ƙarami kamar tafin hannu, akwai batir, sai wani baƙin abu kamar guntun sabulu wanda shi ne idon na'urar, shi ke zama a ƙarƙashin jirgi yana kallon ƙasa.

Sai in bayyana yadda jirgin yake, domin ba irin namu ba ne. Kwale-kwalen gida buɗaɗɗe ne kamar akushi, a cikinsa kake zama, in ruwa ya shigo a ƙafarka za ka ji shi. Wannan kuwa kamar gora yake, rufaffe sama da ƙasa, iska ce a cikinsa, kuma a kan bayansa ake zama. Iskar nan ita ke ɗauke da mutum. Yana da wata 'yar ƙofa mai murfi a gaba, ta nan ake zura kaya cikin cikinsa, nan kuma batir zai zauna don kada ya jiƙe.

Idon bai ba mu wahala ba. Jirgin yana da ramuka da aka yi masa tun daga kamfani don ruwan da ya fantsamo ya zurare, sai muka zura shi ta ɗaya muka ɗaure. Allon ma muka kafa shi tsakanin inda ƙafafunsa ke zama, yadda zai gani ba sai ya sunkuya ba. Saura wayar wuta, wadda za ta tashi daga allo ta shiga cikin jirgi ta sami batir. Wannan dole sai an huda. Wayar gajera ce, ba ta kai sama inda ya so ba, sai muka zaɓi wani wuri ƙasa-ƙasa kusa da diddigensa. Hannunsa na rawa saboda maganin da yake sha, ya miƙo mini injin huji. Robar ta yi laushi kamar ana huda rogo.

Wayar siririya ce kamar tsinken tsintsiya, amma kanta mai kauri ne, don haka hujin sai da ya kai kaurin babban yatsa kafin kan ya wuce. Da ya wuce sai ga waya tana lilo a tsakiyar rami. Ya ce kada in damu, akwai wani marfin roba da ake sayarwa musamman don wannan, mai tsaga da waya ke bi, a shafe shi da wani gam na jirage. Ya riga ya yi oda. Muka rufe gareji muka tafi.

Marfin bai zo ba. Aka yi cancel ɗin odar, ya sake yin wata, aka ce sai mako mai zuwa. Shi kuma ya duba hasashen yanayi ya ga Asabar ɗin nan ce kaɗai iska za ta kwanta, bayanta sai guguwa da ruwan sama har inda hasashen ya tsaya. A wurin mai lafiya wannan ba komai ba ne. Shi kuwa na ga fuskarsa ta sauka a gabana. Ran Laraba ya ci abinci bai ce uffan ba. Ran Alhamis bai fito ba sam. Na dawo daga masallaci na tarar da tire a bakin ƙofa, uwarsa tana tsaye a kansa. Ta dube ni.

Na ƙwanƙwasa na ce, "Kai, tashi mu je gareji. Wannan ɗan ramin ne zai hana ka fita? Ni zan toshe shi."

Daga ciki ya ce, "Da me?"

Na ce, "Da abin da ubana yake toshe nasa."

A Yawuri babu kwale-kwalen da ba ya yoyo. Katako ne aka haɗa da katako, rana ta busar da shi, sai ya buɗe baki. In ya buɗe, sai a jawo shi kan yashi a kifa. Ubana yakan yago tsumma, ya murza shi kamar lagwani, ya shafe da man kaɗe, ya riƙa cusa shi cikin tsagar da guntun ƙarfe mai faɗin baki yana bugawa a hankali da guduma. Ba a gaggawa. In ka cusa layi ɗaya sai ka bi da wani a kansa, har sai ƙarfen ya daina shiga. Daga nan a tura jirgi cikin ruwa mara zurfi a bar shi ya kwana. Kafin gari ya waye katako ya sha ruwa ya kumbura ya cije tsumman, ko da wuƙa ba ka zare shi. Na yi wannan aikin tun ina riƙe wa ubana gwangwanin mai har na zama ni ke bugawa.

Na tambayi matata tsohon zani na auduga da kuma man kaɗenta. Ta ce, "Man da aka kawo mini daga gida za ka shafa wa jirgi?"

Na ce, "Kaɗan ne, Hajiya."

Ta ce, "Sarkin ruwan Thamesmead. Shekara nawa ina zaune da kai ko kifin gwangwani ba ka taɓa buɗe mini ba."

Tana faɗa tana yago zanin da haƙori. Sai muka ji ƙofar ɗakin ta buɗe. Ya fito da takalmi a ƙafa.

A gareji na durƙusa a gefen jirgin, shi yana haska mini da waya. Babu guntun ƙarfen ubana, sai na ɗauki sukundireba mai faɗi. Na murza tsumma, na shafe, na fara zagaye wayar da shi ina cusawa. Hannuna ya tuna aikin tun kafin kaina ya tuna. Ƙanshin man kaɗe ya cika garejin, har na ji kamar in na ɗaga kai zan ga yashi da taru a shanye.

Ya ce, "Ka tabbata, Dad? A bidiyo sun ce gam ɗin nan kaɗai ke kama irin wannan robar."

Na ce, "Masu bidiyon nan, jirgi nawa suka toshe? Tun kafin a haifi uwarka nake wannan aikin."

Ya ce, "Ta ce kai da ita shekara biyar ce tsakani."

Na ce, "To na fara da wuri."

Ya ci gaba da kallo. Sai ya ajiye wayar a kan kwali ya ce, "Nuna mini."

Na ba shi sukundireba da guduma. Na riƙe hannunsa na nuna masa yadda ake kwantar da bakin ƙarfen don kada ya yanke tsumma, da yadda ake jin bugu ya canza sauti in wuri ya cika. Ya yi layin ƙarshe da kansa, rawar hannun ma ta ragu. Wannan ne abu na farko da na taɓa koya masa daga sana'ar gidanmu. Muka cika buta muka tsiyaya ruwa a kan wurin, ya zura hannu ta ƙofar gaba ya shafa ciki. A bushe. Muka ƙara buta. A bushe. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Na san abin da ke riƙe tsumma a kwale-kwale. Ba mai ba ne, ba guduma ba ce, kumburin katako ne. Na san wannan kamar yadda na san sunana. A garejin nan ban tsaya na tambayi kaina ko roba tana kumbura ba. Ɗana yana durƙushe kusa da ni yana jin maganata, hankalina yana can.

Asabar ta zo kamar yadda aka ce. Ruwa a kwance, rana tana sama, amma da na tsoma hannu a bakin gangarar sai da yatsuna suka yi tsami. Ya sa rigar ceto a kan jaket ɗinsa. Wayarsa ya kulle ta a wani ɗan akwatin roba ya zura cikin jirgi kusa da batir. Kafin ya tafi ya tsayar da jirgin inda ruwa ya kai gwiwa, ya kunna allon, ya kira ni. Na leƙa. Ga layin ƙasa baƙi, ga lambar zurfi a gefe. Ya ce kifi zai fito kamar ɗan baka, kamar gira. Na ce in ya ga giwan ruwa ya gaishe shi.

Na koma kan katanga. Ya yi nisa fiye da yadda ya saba, yana tuƙi yana kallon tsakanin ƙafafunsa, ya tsaya, ya matsa, ya sake tsayawa. Wasu manyan jirage suna wucewa can nesa, kowanne in ya wuce sai ya aiko da igiyar ruwa ta hau jirginsa ta wanke masa ƙafa ta zurare. Irin jirgin nan an yi shi don haka, ban damu ba. Can sai na ga sandarsa ta lanƙwashe. Ya yi ta jan zare, ya ɗago wani kifi fari mai ƙyalli, tsawon kamu, ya ɗaga shi sama da hannu biyu yana kallon inda nake. Na miƙe na ɗaga masa filas.

Da na zauna na ci gaba da kallo, sai na ga ruwan ɗorawan jirgin ya ragu. Da safe in na hango shi ina ganin gefensa sosai. Yanzu ɗan siriri ne, bayan ma ya kusa shafewa. Ruwan nan ban iya karanta shi ba, amma jirgi mai shan ruwa na san shi ko a ina. A gida da tuni ya ji ruwa a idon sawu ya ɗauki ƙoƙo ya fara kwarfewa. A wannan kuwa ruwan yana shiga ƙarƙashinsa, inda ba ya gani, shi kuma idonsa yana kan allo.

Na ciro wayata na kira. Tasa ta yi ta ringin a cikin akwati a cikin jirgi. Na gangara bakin ruwa ina cewa, "Kai! Kai!" Iska tana ɗauke muryar. Sunan mahaifina aka sa masa, kuma ɗan fari ne, tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunan da bakina ba. Ranar na kira. Na kira shi da duk ƙarfin da ya rage mini. Ya ji. Ya waiwayo ya ɗaga mini hannu, yana tsammanin murna nake taya shi. Na yi ta yafuto shi. Sai ya gane akwai wani abu, ya ajiye sanda, ya sa filafili zai juya. Juyawar nan ce ta sa ruwan da ke ciki ya gudu gefe ɗaya. Jirgin ya kife.

Rigar ceto ta ɗago shi. Ya birkito jirgin ya yi ƙoƙarin hawa, ya sake kifewa. Ya ƙara gwadawa, haka. Ruwa kuma ya fara janyewa, yana tafiya da shi da jirgin waje.

Akwai wani Bature mai jan gemu yana gyaran injin ƙaramin jirginsa a ɗaya gefen gangarar. Na ruga wurinsa. Turancin da na yi shekaru ina yi da fasinja duk ya watse, sai na kama hannun rigarsa ina ja ina nunawa. Ya duba sau ɗaya, ya yar da abin da ke hannunsa, ya yi magana a rediyonsa yana tayar da inji. Na so in shiga, ya ce in tsaya, nauyi zan ƙara masa. Na tsaya a cikin laka har gwiwa ina kallo. Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na gani shi ne ɗana ya daina ƙoƙarin hawa, ya rungume jirgin, daga baya hannu ɗaya ya saki.

Da aka kawo shi gaɓa fuskarsa kamar toka, leɓensa ya yi shuɗi. Ko rawar sanyi ya daina. Aka yanke masa kaya aka naɗe shi, motar asibiti ta zo. Yana kallona amma kamar ta cikina yake kallo.

A asibiti suka ɗumama shi a hankali. Ya shaƙi ruwa, ƙirjinsa ya kama, sai da ya yi kwanaki. Uwarsa ta zo a tasi. Muna zaune a baranda na gaya mata abin da ya faru, da tsumma da katako da roba, duka. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Da zanina." Shi kuwa da na gaya masa, sai ya ce, "Ba komai, Dad. Ai tare muka yi." Na so a ce ya zage ni.

Na koma Kent ɗauko jirgin. Mai jan gemun nan ya jawo shi ya ajiye mini a bayan rumfarsa. Muka ɗaga gaban jirgin muka kwance wani ɗan marfin zubar da ruwa da ke bayansa, ruwa ya yi ta zuba kamar famfo. Tsumman yana nan, ya zame daga ramin yana rataye a jikin waya, a jiƙe, da furen zanin a jikinsa. Mutumin ya taɓa shi, ya shinshina yatsa, ya ce mene ne wannan. Na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya danna robar da diddigen hannu, na ga ramin yana motsi yana buɗewa yana rufewa. Ya ce duk takin da mutum ya yi yana tuƙi, haka take yi. Ya ce kakansa ma da igiya da kwalta yake toshe nasa, amma na katako ne. Sannan ya taya ni ɗaura shi a mota.

Marfin robar ya riga ya iso, yana kan tebur a falo ba wanda ya buɗe. Na kai shi gareji, na wanke man kaɗen da sabulu har sai da robar ta daina santsi, na sa gilashina na bi hotunan da ke jikin kwalin ɗaya bayan ɗaya. Na bar gam ya bushe, na cika wurin da ruwa, na taka robar da ƙafa ina dannawa. Ko ɗigo. Da aka sallamo shi na gaya masa. Ya ce, "Na gode, Dad." Bai zo ya gani ba.

Na ɗauka tsoro ne irin na duk wanda ya kusa nutsewa, kuma zai wuce. A gida in yaro ya sha ruwa, kashegari ake mayar da shi jirgi. Na fara shirin yi masa wannan maganar, sai matata ta tare ni a kicin ta rufe ƙofa. Ta ce ya yi mata magana. Ya ce lokacin da ya saki hannu ɗaya, ba gajiya ce kaɗai ba. Ya ce ya ji wani sauƙi ya sauko masa, irin wanda bai ji ba tun ranar matar nan, kuma da jirgin mutumin bai iso ba da ya saki ɗayan. Ba ruwan yake tsoro ba, sauƙin nan yake tsoro.

Ta ce, "Na gaya wa likitansa. Kuma jirgin nan ya bar garejin, Malam. Ba na son ya san yana nan."

Ban yi musu ba. Na kai wa mai jan gemun, da allon da batir da komai. Ya so ya biya, na ƙi. Na nuna masa inda hujin yake, na ce ya duba aikina da kansa kafin ya ba wani.

Labule ya koma yadda yake. An canza masa magani, akwai kuma wata ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa ta zauna da shi. Yana fitowa falo wani lokaci, ya zauna kusa da uwarsa, ya koma. Na daina tsayawa a ƙofa ina magana. Wani lokaci nakan shiga in zauna a ƙasa in jingina da bango, in ja carbi, shi yana kwance. Ba ya korata.

Wajen gida kuwa, asibiti kaɗai yake zuwa, ni nake kai shi. A watan da ya wuce muna dawowa, rana ta fito, sai na bar babbar hanya na bi wadda ke gefen kogi ta Erith. Ruwa ya cika, yana kwance. Na rage gudu a inda gine-gine suka buɗe ake hango shi sosai. Na duba madubi. Kansa yana sunkuye, yana kallon hannuwansa.

Ya ce, "Dad, mu je gida."

Na sa sigina na koma babbar hanya.